Alamomin Garkuwar Jiki Wajen Gane Amosanin Gaɓɓai da Bin Sawunsa

Amosanin gaɓɓai irin wanda likitoci ke kira rumatoyid ba ciwon tsufa ba ne, ba kuma sanyi ke kawo shi ba. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa, ya kumbura ya yi kauri, a hankali ya cinye guringuntsi da ƙashi. Yakan soma da yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare, gaɓoɓin su sanƙare da safe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 18 ke fama da shi a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Ƙashin da ya zaizaye ba ya dawowa, shi ya sa ake neman alamar da za ta tona cutar tun da wuri.

Wadda aka fara samu ita ce sinadarin RF, wanda Erik Waaler na ƙasar Norway ya bayyana a 1940. Ana ganinsa a jinin yawancin masu cutar, amma yana da babban aibu: yakan fito a jinin masu tarin fuka, da ciwon hanta, da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, har ma da tsofaffi masu ƙoshin lafiya. A ƙasar Hausa, inda waɗannan cututtuka suka zama ruwan dare, kuskure ne a ɗora wa mutum wannan cuta don kawai RF ya fito a takardar gwajinsa.

Masu bincike a Nijmegen ta ƙasar Holan sun kawo gyara a ƙarshen shekarun 1990 da gwajin anti-CCP. Da wuya ya fito ga wanda ba shi da cutar, yakan bayyana shekaru kafin gaɓa ta fara ciwo, kuma yawansa na nuni da cewa ƙashi zai fi saurin lalacewa. Duk da haka akwai marasa lafiya da dama da ba sa nuna ko ɗaya daga cikin biyun. Wajen bin sawun cutar kuwa, ana haɗa awon kumburi na ESR ko CRP da duba gaɓoɓi 28 a ma'aunin DAS28. Makin da ya gaza 2.6 na nufin cutar ta lafa.

RF da anti-CCP da CRP duk sinadarai ne da ke yawo cikin jini. Hankalin masana yanzu ya koma kan ƙwayoyin garkuwar su kansu. Kowace irin ƙwaya tana da tambari a bayanta, ana kiransa da harufan CD da lamba. Wanda ya san asibitin masu cutar ƙanjamau ya san ƙidayar CD4. Irin na'urar da ake wannan ƙidaya da ita ce ke ƙirga sauran. Ƙwayoyin T masu CD4 ne ke ba da umarnin farmaki, ƙwayoyin B masu CD20 su ne tushen masu ƙera RF da anti-CCP, masu CD68 kuma suna taruwa a tantanin gaɓa, kuma an lura yawansu na raguwa idan magani ya kama. A 2017 mujallar Nature ta buga bayanin wata irin ƙwayar T mai yawan tambarin PD-1, wadda ke cika gaɓoɓin masu cutar tana zuga ƙwayoyin B.

Amfanin wannan ilimi ya fi bayyana wajen zaɓen magani. Maganin rituximab yana kashe ƙwayoyin da ke da CD20, to wane amfani zai yi wa gaɓar da ba ta da su da yawa? Binciken R4RA da aka jagoranta daga Landan, aka buga a mujallar Lancet a 2021, ya ɗebo ɗan tantani daga gaɓoɓin marasa lafiya. Da aka tantance su ta awon RNA, masu ƙarancin ƙwayoyin B sun fi samun sauƙi da maganin tocilizumab fiye da rituximab. Da aka tantance su ta madubin duba ƙwayoyi kaɗai, bambancin bai fito sarai ba, abin da ke nuna aikin da sauransa.

Har yau awon waɗannan ƙwayoyi bai shiga ƙa'idar gane cutar ba. A ma'aunin da ƙungiyoyin likitocin Amurka da Turai suka fitar a 2010, ana bukatar maki 6 cikin 10, kuma 5 daga cikin goman suna fitowa ne daga gaɓoɓin da likita ya duba, RF da anti-CCP ba su wuce 3 ba. Duk wanda yatsunsa suka kumbura har mako shida, ya kamata ya ga likita a yi masa gwajin anti-CCP, kada ya zauna yana shan maganin kashe zafi.