AMSAR WASIƘUNKU: Jiri Bayan Shan Maganin Hawan Jini

Wasiƙar yau ta fito ne daga wani dattijo manomi a Pauwa, cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara ta jihar Katsina. Ya ce tun da aka ɗora shi a kan maganin hawan jini, in ya ɗago daga sujada ko ya miƙe daga sunkuyon noma, sai ya ga duhu-duhu, kansa na juyawa. Yana tambaya, ko maganin ne bai karɓe shi ba, ya daina sha?

To Baba, mun gode. Kada ka daina tukuna, ga dalili.

Duk lokacin da mutum ya miƙe tsaye, jini kimanin rabin lita ko fiye yakan gangara ƙafafu da ciki. A gefen wuya, cikin manyan jijiyoyin da ke kai jini ga ƙwaƙwalwa, akwai wasu 'yan masu gadi da ke jin ƙarfin bugun jini. Wani masani Bajamushe, Heinrich Hering, shi ya bayyana aikinsu a shekarun 1920. Da sun ji jini ya yi ƙasa sai su kai rahoto ga ƙwaƙwalwa, ita kuma nan take ta umarci zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke. Kafin ka gama miƙewa an gyara, ba ka ma sani ba.

To maganin hawan jini a wannan hanya yake tsayawa. Methyldopa, wanda aka fi sani da Aldomet, yana rage umarnin tun daga ƙwaƙwalwa. Su atenolol da propranolol suna hana zuciya amsa kiran ta yi sauri. Masu sa fitsari, irin su Moduretic, ruwan jiki suke ragewa, wato abin da za a tura sama ya yi kaɗan. Ka haɗa da tsufa, da zafin bazara, da gumin gona, ko azumi, ai ka ga dole ido ya yi duhu.

Abin da za ka yi: je Babban Asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, da dukan magungunanka a leda, har na gargajiya. Ka roƙa a auna jininka kana kwance, a sake aunawa bayan ka miƙe. In lambar sama ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti 3 da tsayuwa, likita zai iya rage maganin ko ya sauya wani. Kafin nan, in ka farka ka ɗan zauna bakin gado, ka motsa ƙafafu, sannan ka tashi. Daga sujada ma a hankali, ba gaggawa. Ka riƙa shan ruwa sosai a gona.

Abin da muke jin tsoro shi ne yankewa lokaci ɗaya, musamman atenolol da danginsa. Zuciyar da aka daɗe ana riƙe wa linzami takan zabura, jini ya hau, har a kai ga ciwon zuciya. Mai ciwon sukari kuma ya lura, waɗannan magunguna suna ɓoye rawar jiki da bugun ƙirji da ke gargaɗin sukari ya sauka, sai dai gumi ya rage masa alama.

In kuwa ka taɓa faɗuwa, ko ka suma, ko jirin ya zo da ciwon ƙirji ko nauyin harshe, kada a jira ranar kasuwa, a kai ka asibiti ran nan. Allah ya ƙara lafiya, Baba, a gaida mutanen Pauwa.