Fitilar Taya da Halin Direbobinmu: Jawabi a Taron Ɗalibai 'Yan Asalin Rawayya



Da aka ba mu damar yin magana a wannan zama, sai muka zaɓi abin da watakila wasu za su ga bai kai a tara jama'a dominsa ba, watau wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da kan kama a gaban direba, mai siffar kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiyarta. Dalilinmu kuwa shi ne, a hutun da ya wuce wani yayanmu ma'aikaci ya rage mana hanya daga Rawayya zuwa Gusau, sai muka ga ya liƙa baƙin salatif a kan gilashin da ke bayan sitiyari. Da muka tambaye shi, sai ya yi dariya ya ce ai fitilar taya ce ta dame shi, tun ranar da ya sayi motar take kunne, shi ya sa ya rufe mata baki. Mu biyar ne a motar nan, har da jariri.

Kafin mu ga laifinsa, ya kamata mu san asalin wannan fitila. Zuwa shekarar 2000 an yi ta samun haɗurra a Amurka, inda tayoyin Firestone da ke jikin motoci ƙirar Ford Explorer suka riƙa ɓarewa ana cikin gudu, har aka danganta mutuwar mutum fiye da 200 da wannan al'amari. A watan Agusta na shekarar kamfanin ya janye taya miliyan 6 da rabi daga hannun jama'a. Ƙarancin iska na daga cikin abubuwan da aka gano suna sa tayar ta yi zafi ta lalace, saboda haka majalisar ƙasar ta yi doka a wannan shekarar, kuma daga Satumba 2007 ya zama tilas kowace sabuwar ƙaramar mota ta zo da na'urar da za ta faɗakar da direba. Tarayyar Turai ta bi sahu, ta wajabta ta a kan dukkan sababbin motoci daga Nuwamba 2014. To, da yake yawancin motocin da ma'aikatanmu ke saye na hannu ne da aka shigo da su daga waɗannan ƙasashe, sai fitilar ta biyo su har garejinmu, amma bayanin amfaninta bai biyo ta ba.

Na'urar iri biyu ce. Akwai wadda ke da ɗan ma'auni a cikin kowace taya, manne da bawul, yana aika saƙo ga motar. Wannan yana aiki da ƙaramin batir wanda kan ƙare bayan shekara 5 zuwa 10. Akwai kuma wadda ba ta auna iskar kai tsaye, sai dai ta lura da saurin juyawar kowace ƙafa, domin tayar da ta rage iska takan ɗan ƙanƙance, ta riƙa juyawa fiye da 'yan'uwanta. A ƙa'idar Amurka, dole fitilar ta kama in iskar ta ragu da kashi 25 cikin 100. Misali, tayar da ya kamata geji ya nuna 32, fitila za ta kama in ta sauko zuwa 24. Ke nan duk lokacin da fitilar ta yi magana, abin ya riga ya yi nisa, alhali kuwa ido ba lalle ne ya gane tayar ta yi ƙasa ba.

Mun lura direbobinmu sun kasu kashi uku game da ita. Na farko su ne masu salatif, irin yayanmu, da waɗanda kan je wurin mai gyaran wayar mota ya kashe fitilar ɗungurungum. Na biyu su ne masu sauka su shuri tayar da ƙafa ko su ƙwanƙwasa ta da ƙarfe, su ce lafiya lau, su ci gaba da tafiya. Na uku, su ne suka fi ƙaranci, masu tsayawa wurin mai faci a ɗora geji.

Gaskiya ne masu salatif suna da ɗan uzuri. Motar da ta shekara 15 kafin ta iso nan, batirin ma'auninta ya daɗe da mutuwa. Wani lokaci kuma ma'aunin kan karye garin cire taya, ko a canza bawul a sa na roba, ko a sauya wili baki ɗaya. Daga nan fitila ba ta sake mutuwa, kuma wanda ya saba ganin gargaɗi kullum ba tare da wani abu ya faru ba, dole wata rana ya daina kula shi. Amma motar da kanta tana bambance abu biyun. In aka tayar da ita fitilar ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya a kunne, to na'urar ce ta samu matsala. In kuwa ta kama kai tsaye ba ƙyaftawa, to iska ce ta ragu. Wannan ɗan bambanci shi ne abin da muke fata kowa ya tashi da shi daga wannan zaure.

Akwai kuma sha'anin yanayi. Iskar cikin taya takan ragu da kimanin maki 1 a geji duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 ko 6. Shi ya sa a lokacin hunturu fitila kan kama da asuba, in rana ta ɗaga ko an ɗan yi tafiya ta mutu, sai direba ya ce ƙarya take yi. Ba ƙarya take yi ba, tana nuna iskar ta kusa kai iyaka ne. Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne na bazara, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, inda wasu kan rage iska da gangan wai don kada taya ta fashe. Abin da ke faruwa akasin haka ne. Tayar da ba ta da isasshiyar iska gefenta kan riƙa lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwashewar nan ke haifar da zafi, zafin ya raba robar da wayoyin ciki, musamman in an yi lodi ana gudu. Daɗin daɗawa, tana cinyewa da wuri, mota kuma ta ƙara shan mai.

Fashewar taya ba ta san babba ba. Ranar 6 ga Maris 2016 Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta motarsu ta fashe. In haka ta samu motar minista, ina ga tamu? Mu a Zamfara ma muna da wani dalili na musamman. Kowa ya san halin rashin tsaro da hanyoyinmu suka shiga, ko ta wajen Tsafe zuwa Funtuwa, ko ta wajen Bunguɗu zuwa Talatar Mafara. Direban da ya ƙi tsayawa a daji don duba taya ba za mu zarge shi ba. Amma wannan shi ne babban dalilin da zai sa ya duba tun yana cikin gari, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da muke roƙo ba shi da tsada. A auna iska aƙalla sau ɗaya a wata, da kuma kafin kowace doguwar tafiya, da safe kafin taya ta ɗauki zafi, har da safaya. Adadin da ya dace yana rubuce a wata takarda da ke manne a jikin ƙofar direba. Lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. A duba shekarun tayar: lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wanda na'urarsa ta mutu ya gyara in da hali, in babu ya sayi ɗan geji ya ajiye a mota, ya san cewa yanzu shi ne fitilar. Motocin tasha da yawa tsofaffi ne, ba su da na'urar sam, don haka ba rashin kunya ba ne fasinja ya ce, “Direba, don Allah a duba iska kafin mu tashi.”

'Yan'uwa, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988 ba za ta iya shiga kowace mota ta zauna kusa da direba ba. Mu da aka kashe wa kuɗi aka koya mana karatu, mu ya kamata mu karanta abin da motar ke faɗi, mu kuma bayyana wa iyayenmu da masu facin garinmu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Yayanmu dai mun lallashe shi ya ɓare salatif ɗinsa, aka auna, aka tarar tayar baya ta hagu tana kan 21.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.