Alƙur'ani da Aƙidar Allah Ɗaya Cikin Uku



Tun daga 1932, lokacin da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Kirista da Musulmi na ƙasar nan suna karanta suna guda, watau Allah, a littattafansu. Inda suka rabu shi ne wajen siffanta Shi.

Aƙidar Kirista, kamar yadda aka tsara ta a taron Nikiya na 325 da na Kustantiniya na 381, ita ce Allah ɗaya ne, amma Uba ne, Ɗa ne, kuma Ruhu Mai Tsarki. Kirista bai yarda cewa alloli uku yake bauta wa ba.

Alƙur'ani kuwa ya taɓo zancen a wurare uku. Suratun Nisa'i, aya ta 171, ta kira Annabi Isa Manzon Allah da kalmarsa da ruhi daga gare Shi, sa'an nan ta hana a ambaci uku. Suratul Ma'ida, aya ta 73, ta ƙaryata mai ɗaukar Allah na ukun uku. Aya ta 116 kuma ta kawo tambayar da za a yi wa Isa, ko shi ya ce a riƙe shi da mahaifiyarsa alloli. A nan sai a lura: Maryamu ba ta cikin ukun da majami'u suke koyarwa, don haka waɗansu masana suke fassara ayar da gargaɗi kan wuce iyaka wajen girmamawa.

To, saɓanin na gaske ne, ɓoye shi yaudara ne, domin Suratul Ikhlasi ta kore haihuwa ga Allah ƙwarai. Amma Suratul Ankabuti, aya ta 46, ta umurci a yi jayayya da Ma'abota Littafi ta hanya mafi kyau. Kiristocin Najran sun yi muhawara da Annabi (S.A.W.) a Madina, ba su musulunta ba, suka koma gida da yarjejeniyar aminci.

Mu a Kaduna mun ga akasin haka. Bayan rikicin 2000 da na 2002, kogi ya zama iyaka, unguwanni irin su Nasarawa suka rasa maƙwabtan shekara da shekaru. Ku da kuke zaune aji ɗaya da ofis ɗaya, kafin ku soki aƙidar abokin zamanku, ku faɗe ta yadda shi kansa zai ce, i, haka na yi imani.