Kukan Birkin Babur da Abin da Yake Nufi

Maganarmu ta yau a kan birkin babur ce. Watakila wani zai ce ina ruwan malamin asibiti da aikin makaniki? To, ƙafar da ta karye tsakanin Babban Mutum da Ɓaure, ɗakin magani ake kawo ta. Babur kuwa shi ne dokin zamanin nan. Shi ke kai buhun gero kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

Bari mu fara da yadda birki ke aiki. Galibin baburan ƙasarmu, irin su Bajaj Boxer, suna da wani kwanon ƙarfe a tsakiyar ƙafa. A cikinsa akwai ƙarfe biyu masu kama da jinjirin wata, makanikai suna ce musu shu, kowanne an manna masa wata fata mai tauri a bayansa. In ka taka birki sai su buɗe, fatar ta gogi cikin kwanon, babur ya tsaya. Kullum fatar nan cinyewa take yi, kamar dai ƙasan takalmi.

In an kawo mana mara lafiya, mukan tambaye shi, mu saurari ƙirjinsa, kana mu duba. Haka za ka yi wa baburinka. Yaushe kukan ke zuwa? Daga ƙafar gaba ko ta baya? In ka taka birki ne, ko kuwa ko ba ka taka ba?

Na farko, ƙara 'yar siririya da sassafe, wadda ke ɓacewa bayan ka taka birki sau biyu ko uku. Wannan raɓa ce ta sa ɗan tsatsa a cikin kwanon. Ba abin damuwa ba ne.

Na biyu, ƙara mai tsini wadda ba ta dainawa. Yawanci ƙura ce ko yashi ya shiga, balle da hunturu a hanyoyinmu na rairayi. Wani lokaci kuma zafi ne ya sa fatar ta yi santsi, tana ƙyalli kamar gilashi. Sai a kwance ƙafar a share cikin kwanon, in fatar ta yi ƙyalli a sake shu. A nan ina da gargaɗi ga makanikai da yaransu. Kada ku busa ƙurar nan da baki ko da famfon iska. Waɗansu shu ana yin su da wani ma'adini da ake kira asbestos, ƙurarsa kuwa in ta shiga huhu ba ta fita, takan kawo ciwon huhu da ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Ku jiƙa tsumma ku goge, ku yi aikin a fili, ku wanke hannu kafin ku ci abinci.

Na uku, gurza mai kauri, kamar ana wasa wuƙa a dutse. Wannan shi ne mugun ciwo. Fatar ta ƙare, ƙarfe ke cin ƙarfe. Ka jingine babur yau, kada ka ce sai bayan ranar kasuwa. Tun fatar ba ta kai haka ba, in kaurinta ya ragu zuwa milimita 2, lokacin canji ya yi. A saki biyun tare. Wanda ya ji ƙyashin kuɗin shu zai sayi kwano, in ma abin ya tsaya nan.

Na huɗu, kuka alhali ba ka taɓa birki ba. Ɗora babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, ka juya ƙafar da hannu. In tana kakarewa, ko dai an ɗaure notin birki fiye da kima, ko sifirin da ke mayar da shu ya tsinke. Irin wannan kwanon yakan yi zafi ƙwarai bayan 'yar tafiya kaɗan. In kuma ka girgiza ƙafar hagu da dama ka ji tana motsi, to boris ne ya lalace.

Na biyar, birki yana kamawa yana saki, babur yana ɓari. Kwanon ne ya karkace. Wannan sai makaniki.

Akwai kuma ciwon da ba ya kuka, watau birki shiru amma ba ya ci. Ko ruwa ya shiga, ko mai ya taɓa fatar. Da damina in ka haye ruwa, yi tafiya a hankali kana ɗan taka birki har ya bushe. Waɗansu kuwa sukan ɗiga baƙin mai domin kukan ya daina. Lalle kukan zai daina, amma birkin ma ya tafi. Fatar da ta sha mai ba ta gyaruwa, sai sabuwa.

Abu biyu suka rage. Da yawa suna tsoron birkin gaba, har wasu su bar wayarsa a tsinke. Alhali mafi yawan ƙarfin tsayawa a ƙafar gaba yake. A riƙa kama biyun tare, sannu a hankali, ban da fizga, musamman cikin yashi. Sa'an nan gudu: mai tafiyar kilomita 50 a awa yana cin wajen mita 14 a kowace daƙiƙa. In ka ninka gudunka biyu, nisan da birki ke bukata ya ninku huɗu. Akuya ko yaro ba sa sallama kafin su faɗo titi. Hular kwano kuma a sa ta, a ɗaure igiyarta, gama ƙashin kai ba shi da mai ɗori.

In tsautsayi ya auku, kada a fizgi wanda ya faɗi, a tallafi kansa da wuyansa. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta. Ban da toka, ƙasa ko man birki a kan rauni. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a zo a yi allurar rigakafin sarƙe-haƙora. In ya suma, ko yana amai, ko barci na fizgarsa, ko jini na fita ta kunne, a wuce da shi babban asibiti nan da nan.

Saboda haka, maigida, kowace safiya kafin ka hau, tura babur ɗin ka gwada birkin gaba da na baya. Ke kuma uwargida, in kin ji yana gurza, ki faɗa masa kafin ki ɗora yara. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.