Mamba Ɗaya, Ƙuri'a Ɗaya



Zan yi magana kan shawarar da aka kawo, wai mai hannun jari da yawa ta riƙa samun ƙuri'a da yawa. Ni dai ban goyi baya ba. Wannan tsarin kamfani ne, irin wanda ake yi wa rajista a CAC, inda mai kuɗi ke da baki. Mu kuwa takardarmu daga ofishin Daraktan Ƙungiyoyin Gama Kai na jiha ta fito, kuma dokar 1993 ta ce mamba ɗaya, ƙuri'a ɗaya. Da mai tallan ƙuli-ƙuli da mai shagon atamfa, hannu ɗaya kowacce za ta ɗaga. Dokar ta kuma hana mutum ɗaya riƙe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jarin ƙungiya, don kada a wayi gari wata ta mallake mu.

Sai batun riba. Na ji ana gunaguni cewa rabon bana bai kai ba. To, dole ne a ware kashi ɗaya cikin huɗu na ribar a zuba a asusun ajiya kafin a raba saura. Amma kada ku tsaya kan maganata, ku nemi rahoton mai binciken kuɗi, haƙƙinku ne. Wadda ba ta karatu ta zo da 'yarta, ko mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mu karanta mata layi-layi, tun kafin ranar babban taro da za a ɗaga hannu.