Kififiyar da Kuka Tsinta: Gida ko Tabki?

Masu sauraro na Issawan da ƙauyukan da ke kewaye, har zuwa Mayahi da Tasawa, yau batun kififiya za mu yi. Da ruwan farko ya sauka a watan Yuni, kwarin Gulbin Kaba ya jiƙe, tabkuna suka ɗauki ruwa, sai yara su soma shigowa gida da ita: an tsince ta tana tsallaka hanya, ko amalanke ya taka ta, ko an ƙwace ta daga hannun masu jifa. Wanda ya cece ta ya kyauta, Allah ya saka masa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, gida wurin jinyarta ne na ɗan lokaci, mazauninta tabki ne, kuma lafiyarta da ta ƴaƴanku duk sun rataya a kan wannan.

Wannan dabba mai lanƙwasa wuya gefe ta ɓoye kai, mai fitar da ruwa mai ɗoyi in an tsorata ta, ba kunkurun tudu ba ce, shi da ganye yake ci kuma ruwa mai zurfi kan iya halaka shi. Ita nama ne abincinta: ƙwari, tana, talibambam, dodon koɗi, ƙananan kifi, har mushe. Tuwo da fura da ake jefa mata don tausayi ruɓa ruwan kawai suke yi. Ƙoƙon bayanta kuma ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙarinta da ƙashin bayanta, akwai jini da jijiya a ciki. Don haka huda gefensa a zura igiya azaba ce, ina roƙon iyaye su hana. Malamanmu sun sha tuna mana hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba.

Wani zai ce, to ai tabkin nan kafin tsakiyar rani ya ƙafe, sakinta kamar kashe ta ne. Tausayin na gaskiya ne, amma Allah ya riga ya shirya mata mafita. In ruwa ya ja baya sai ta nutse cikin laka ko ƙarƙashin saiwa, numfashinta ya ragu, ta kwanta watanni ba ci ba sha sai damina ta zagayo. Shi ya sa masu haƙar ƙasar tubali kan tono ta da rani, a zaci ta mutu ko tana shan wahala. Lafiya lau take. A mayar da ita gefe mai inuwa inda ba a haƙa, a rufa mata ƙasa sama-sama. Sannan kowace mace da aka riƙe a gida, ƙwan da za ta binne a bakin tabki a wannan shekara an yi asararsa.

Magana mafi nauyi ita ce ta ruwan sha. Akwai masu jefa ta a rijiya ko randa, suna cewa tana cinye tsutsa ta tsarkake ruwa, kuma haka aka gada. Gaskiya ne tana cin tsutsar sauro da ƙananan ƙwari, ido kuma yana ganin ruwan ya washe. Sai dai abin da take cirewa ana ganinsa, abin da take zubawa ba a gani. Kififiya da kunkuru da ƙadangare suna ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira salmonela a hanjinsu ba tare da ta kwantar da su ba, tana fita a kashinsu ta bi ruwan da jikinsu. A jikin mutum kuwa zawo take sawa da zazzaɓi da murɗar ciki, daga awa 6 zuwa kwana 6 bayan ta shiga. Ƙasar Amurka, da duk famfunanta da asibitocinta, tun 1975 ta hana sayar da ƙananan kififiyu da bayansu bai kai santimita 10 ba, saboda yara na wasa da su suna kai hannu baki. Hukumomin lafiyarsu har yau suna cewa a nisanta su da yaro ɗan ƙasa da shekara 5 da tsoho da mai raunin jiki. Ku duba halinmu da damina: rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, yara da dama na fama da tamowa. Zawon da babba zai shanye cikin kwana 4 zuwa 7 yana iya tsiyaye jinjiri cikin yini guda. Cewa an daɗe ana yi ba a ga komai ba bai isa hujja ba, don ba a cika bin sawun zawon yaro har a gano daga randa ya fito ba.

Idan mai rauni ce dole a riƙe ta, a ware mata daro nata, nesa da madafa da randa da wurin wankin kwanuka. Ruwan ya rufe bayanta kaɗan yadda za ta iya ɗago hanci, a sa dutse mai faɗi da za ta hau ta bushe, rabin daron a rana, rabi a inuwa, don ranar tsaka tana dafa ruwan daro. A ba ta fara da tana da gara, amma ba daga gonar da aka yi wa feshi ba. A sauya ruwan kullum, a zubar a rami nesa da rijiya, babba ne zai yi, ya wanke hannu da sabulu. Ƙoƙon da ya tsage a wanke shi da tafasasshen ruwa da ya huce, a rage ruwan daron kada ya rufe raunin, a kare shi daga ƙuda. Kada a shafa baƙin mai ko toka. A nemi ma'aikacin kiwon lafiyar dabbobi ko na gandun daji.

Iyaye mata, in yaro ya taɓa ta sannan ya soma zawo, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, a ci gaba da shayarwa. In akwai jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko idonsa ya faɗa, ko ya ƙi nono, a kai shi likita nan take, a kuma faɗa wa ma'aikacin cewa akwai kififiya a gidan. Randar da ta shiga a juye ta a wanke da sabulu, ruwan rijiyar kuma a tafasa ko a sa masa ƙwayar tsarkake ruwa ta Aquatabs. Ita kuwa da ta soma cin abinci tana iyo sosai, a kai ta tabkin da ya fi kusa da inda aka tsince ta, da sanyin safiya, tun kafin ruwa ya ja a ƙarshen Satumba.