Murhu Ma Yana Da Rabonsa A Ciniki

Wata mai sayar da kek ta rubuto mana tana tambaya: murhun gashi da firji, ina za ta sa su a lissafi?

To Hajiya, waɗannan ba kamar fulawa da sukari ba ne da ke ƙarewa nan da nan, kadara ce mai daɗewa. Ki ware musu shafi, ki rubuta ranar saye da kuɗinsu. A ce murhun Naira 120,000 ne, zai yi shekara 5. Kowane wata ki cire 2,000 ki adana, sannan ki ƙirga riba. In ba haka ba, ranar da ya lalace za ki tarar uwar kuɗi kika cinye.

Manomi mai injin ban-ruwa, kai ma haka. Allah ya ba da kasuwa.